Toyota Corolla Hybrid: motar da ta fi amfani ga mai lissafi fiye da mai son burgewa

Duk wanda ya nufi sayen mota a 'yan shekarun nan ya tarar da kasuwa ba yadda ya san ta ba. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta rufe masana'antu kuma ƙarancin ƙwayoyin cip na kwamfutocin mota ya hana kamfanoni kammala motocin da suka fara ƙerawa, farashi ya tashi, kuma ko da kayan aiki suka dawo bai sauka zuwa inda ya taso ba. A Amurka, inda ake bin diddigin wannan lissafi wata-wata, kamfanin tantance farashin motoci na Kelley Blue Book ya nuna cewa matsakaicin kuɗin sabuwar mota ya haura dala 50,000 karon farko a watan Satumban 2025. Ba tsadar kayan ƙira kaɗai ta kawo haka ba. Kamfanonin da kansu sun janye daga ƙananan motoci masu araha saboda ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, suka karkata ga manyan motoci masu tudu irin na jif da a-kori-kura. Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023, Chevrolet ta rufe babin Malibu a 2024, kuma waɗannan sunaye ne da iyalai masu matsakaicin samu suka daɗe suna dogaro da su. A cikin wannan yanayi ne nake auna Toyota Corolla Hybrid, domin tana cikin 'yan ƙalilan da suka rage a rukunin da yake ta tsukewa.

Sunan Corolla ya fito ne a Japan a 1966, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Wadda ake magana a kanta ita ce zubi na 12, wanda ya fara fitowa a 2018, musamman mai injin lita 1.8 da aka haɗa da injin lantarki. Tana zuwa da siga uku: mai but a baya, mai guntun baya, da mai dogon baya wadda aka fi gani a Turai. Ba a sa mata caji daga bango. Fetur kawai ake zuba mata, ita kuma take cika ƙaramin batirinta da kanta, daga injin da kuma daga birki, domin duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, injin lantarkin yakan koma janareta ya tara ƙarfin da a wata motar zai tafi a banza ta hanyar zafin faifan birki.

Abin da ya fara ba sabon direba mamaki shi ne tayar da ita. Za a danna maɓalli, fitilun allon gaba su kama, kalmar READY ta bayyana da koren launi, amma ba a ji komai ba, har mutum ya yi zaton bai danna da kyau ba. Idan aka saka giya aka saki birki, sai ta fara tafiya da lantarki kaɗai, ana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, kafin injin fetur ya shigo daga baya ba tare da girgizar da aka saba ji ba. A cunkoso kuwa, inda ake tafiya taku biyu a tsaya, injin yakan mutu ya tashi sau da yawa ba tare da direba ya lura ba, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana ci gaba da aiki ko injin yana kashe, saboda kwamfuresarta da lantarki take juyawa. A nan ne motar ta fi nuna gwanintarta, kuma a nan ne kuɗin da aka ƙara wajen sayenta yake dawowa.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka kan samfurin 2020 sun bayyana wannan sarai. A cikin gari, Corolla Hybrid tana shan kusan lita 4.4 a kilomita 100, ita kuwa 'yar uwarta mai fetur zalla da injin lita 1.8 tana shan kusan lita 7.8. A babbar hanya tazarar takan ragu, ta koma kusan lita 4.5 da lita 6.2, domin a gudu mai ɗorewa ba a taka birki balle a tara wani abu, kuma injin fetur ne yake ɗauke da nauyin tafiyar. Idan aka haɗa biyun, bambancin ya kai kimanin lita 2.6 a kowace kilomita 100. Mai yin kilomita 15,000 a shekara zai rage kusan lita 390 na fetur, mai yin 5,000 kuwa lita 130 kacal. Kowa zai iya ninka wannan da kuɗin lita a inda yake, ya kwatanta da ƙarin da ake nema a kan mai haɗin lantarkin, ya ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Ga mai zirga-zirgar gari kullum, ko mai ɗaukar fasinja, lissafin yakan fita da wuri. Ga wanda motarsa take kwana a gareji yawancin mako, ko wanda tafiyarsa duk ta dogon zango ce, ban ga dalilin da zai sa ya matsa wa kansa ba.

Sai dai ni a ganina ƙarancin shan mai ba shi ne babban abin da ake saya a wannan mota ba. Abin da ya fi shi daraja shi ne jerin kayan da babu su a cikinta. Ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da altaneta, ba ta da fanbel, ba ta da kuloci, kuma famfon ruwanta na lantarki ne. Giyarta, wadda kamfanin yake kira e-CVT, ba ta da alaƙa da giyar bel da ta ɓata wa wasu motoci suna, duk da kamancin sunan. Haƙoran ƙarfe ne 'yan kaɗan suke raba ƙarfi tsakanin injin fetur da injinan lantarki biyu, babu bel ɗin da zai zame, babu faifan da zai ƙone. Tsari ne da Toyota take ingantawa tun fitowar Prius, wata motarta mai haɗa fetur da lantarki, a 1997, kuma masu tasi a manyan biranen duniya sun gwada shi fiye da yadda kowane ɗakin gwaji zai iya. Takalman birki ma suna daɗewa, tunda yawancin rage gudu injin lantarki ne yake yin sa. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san cewa ba babban gyara ne yake cinye aljihu ba, ƙananan nan ne masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, yau kik, gobe bel, jibi altaneta, kuma yawancinsu a nan babu su.

Tambayar da kowa yake yi ita ce ta batir, kuma tambaya ce mai ma'ana, domin shi ne kaya mafi tsada da za a iya buƙatar canzawa. Yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma na'urar motar ba ta barin ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf, wanda shi ne sirrin daɗewarsa. A Amurka kamfanin yana ba shi garanti na shekara 10 ko mil 150,000 tun daga samfurin 2020, amma sharuɗɗan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a karanta takardar da ta shafi inda aka saya. Abin da masu motar da yawa ba su sani ba shi ne, a gefen kujerar baya, can ƙasa kusa da inda fasinja yake ajiye ƙafa, akwai wata 'yar taga mai raga wadda fanka take jan iska ta ciki don sanyaya batirin. Jaka, bargo ko ledar kaya na iya toshe ta, ƙura da gashin dabbobi kuma suna taruwa a matatarta. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, don haka buɗe wannan murfi a kakkaɓe matatar lokaci-lokaci aiki ne na 'yan mintuna da yake kare kaya mai tsada. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, wanda shi yake tayar da kwamfutocin. Idan aka ajiye motar makonni ba a tayar ba yakan yi sanyi, sai ta ƙi tashi alhali babban batirin lafiyarsa ƙalau.

A wajen tuƙi, motar ba ta yi alkawarin abin da ba za ta iya ba. Samfuran farko suna da ƙarfin doki 121, kuma sukan ɗauki kusan daƙiƙa 11 kafin su kai gudun kilomita 100. Gyaran da aka yi wa samfurin 2023 ya ɗaga ƙarfin zuwa kusan 140, ya rage lokacin zuwa daƙiƙa 9 da ɗoriya, kuma bambancin yana jiyuwa musamman wajen shiga babbar hanya ko wuce tirela. Amma halin giyar bai canza ba: idan aka danne totur a hawan tudu, injin yakan ɗaga murya ya tsaya a sauti ɗaya yana gurnani yayin da gudun yake biyo baya a hankali, kuma wanda ya saba jin giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya zai ɗauki lokaci kafin kunnensa ya yarda cewa babu abin da ya lalace. Sitiyarin ba shi da nauyi, motar tana zama daram a kwana fiye da tsofaffin Corolla, kuma tana shanye ƙananan ramuka da kyau, musamman mai ƙananan ƙafafu da taya mai kauri. Masu manyan ƙafafu na inci 18 sun fi kyan gani, amma sun fi tauri, sun fi ƙara, sun fi shan mai, tayarsu kuma ta fi tsada. Ƙarar taya a kan kwalta mai kaushi tana shigowa ciki fiye da yadda ya kamata, wannan kuwa rauni ne na gaskiya ga mai doguwar tafiya.

Cikin motar an yi shi da tsari, ba da ado ba. Maɓallan sanyi da zafi na hannu ne, ana iya laluben su ba tare da ɗauke ido daga hanya ba, kuma wannan abin yabo ne a zamanin da wasu kamfanoni suka tura komai cikin allon taɓawa don rage kuɗin ƙira. Allon samfuran farko ya tsufa tun yana sabo, na 2023 zuwa sama ya fi sauri. Kujerun gaba suna da daɗin zama. Baya kuwa ya danganta da siga: mai guntun baya tana da tazarar milimita 2,640 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, sauran biyun suna da 2,700, kuma wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin babban mutum ya zauna a sake da ya zauna gwiwarsa na dukan kujerar gaba. But ɗin mai guntun baya lita 361 ne a ma'aunin Turai, wanda bai kai na wasu abokan gasarta ba. Mai iyali ya nufi mai but ko mai dogon baya. A kuma ɗaga shimfiɗar but a duba kafin a biya kuɗi, domin a wasu kasuwanni babu tayar safaya, sai gwangwanin liƙi da ɗan famfo.

Kayan kariya na Toyota Safety Sense, wato birkin gaggawa mai kama kansa, gargaɗin fita daga layi, da na'urar riƙe tazara da motar gaba, suna zuwa ko a mafi ƙarancin daraja a yawancin manyan kasuwanni. Amfaninsu a fili yake, amma suna da nasu kuɗin da ba a faɗa a wurin saye. Kyamara tana manne a bayan gilashin gaba, na'urar hango abin da ke gaba kuma tana bayan tambarin da ke hancin motar, don haka fashewar gilashi ko ɗan karo da a da bakanike zai gyara da rana ɗaya yanzu yana buƙatar a sake daidaita na'urori da kayan aiki na musamman. Wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗin gyara da na inshora suka tashi a kan sababbin motoci baki ɗaya, ba Corolla kaɗai ba. Haka kuma wasu hidimomin da ake yi ta manhajar waya, kamar tayar da mota daga nesa, kyauta ne na wani lokaci kawai a wasu ƙasashe, daga nan sai biyan kuɗi wata-wata. Ɗabi'a ce da ta yaɗu a masana'antar, har BMW ta taɓa gwada sayar da ɗumama kujera ta wannan hanya kafin ta janye a 2023 saboda ƙorafin jama'a, kuma ba na ganin ta dace da motar da ake saya don gudun kashe-kashen kuɗi.

Kada kuma sunan kamfanin ya sa a ɗauka ba ya kuskure. A watan Yunin 2024 Toyota ta amsa cewa an saɓa ƙa'ida wajen gwaje-gwajen neman izinin wasu samfura a Japan, aka dakatar da fitar da Corolla Fielder da Corolla Axio da Yaris Cross na wani lokaci. Waɗancan Corolla biyu tsohon zubi ne na kasuwar Japan, ba wadda ake magana a kanta ba, amma abin ya isa tunatarwa cewa ana duba mota ne, ba tambari ba.

Batun da ya fi wuya shi ne yadda za a mallake ta, domin kuɗin da aka rubuta a gilashi kashi ɗaya ne kawai na abin da mota take ci. Akwai faɗuwar daraja, akwai kuɗin ruwa idan da bashi aka saya, akwai inshora, haraji, mai da gyara, kuma a sabuwar mota faɗuwar daraja ce takan fi kowanne girma duk da cewa ba a ganin ta sai ranar sayarwa. Corolla Hybrid tana riƙe darajarta fiye da yawancin motoci, wanda alheri ne ga wanda ya saya sabuwa, amma matsala ne ga mai neman ta hannu. Tsohuwar shawarar nan ta a sayi mai shekara biyu ko uku don wani ya ɗauki asarar farko ba ta cika aiki a nan ba, domin sau da yawa tazarar kuɗin ba ta da yawa, kuɗin ruwan bashin ta hannu ya fi na sabuwa, garantin kuma ya riga ya ci rabi. Inda ta hannu take da riba shi ne idan ta ƙara shekaru kuma tana da cikakken tarihin sabis. A irin wannan a nemi a jona na'ura a karanta lafiyar batirin, a duba matatar fankar nan ta baya, a tabbatar an riƙa zuba siririn baƙin man da littafin motar ya ce, a kuma guji duk wadda ruwa ya taɓa shiga, komai arharta, domin wayoyin lantarki masu ƙarfi ba sa yafe ambaliya.

Game da bashi, tun da manyan bankunan ƙasashe suka ɗaga kuɗin ruwa a 2022 da 2023, dillalai suka koma tallata abin da za a biya a wata maimakon jimlar kuɗin, suna miƙa wa'adin zuwa shekara shida ko bakwai don adadin ya yi ƙanƙanta a ido. Mai saye ya nemi a rubuta masa jimlar abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma ƙi ƙarin tarkacen da ake liƙawa a takarda, irin su maganin fenti da garantin da bai nema ba. Hayar dogon lokaci tana da ma'ana ga motar da ake tsoron darajarta za ta faɗi ko gyaranta zai yi tsada bayan garanti. Corolla Hybrid kuwa amfaninta yana fitowa ne a shekara ta shida, ta takwas, ta goma, lokacin da bashi ya ƙare ita kuma tana ci gaba da aiki, don haka mayar da ita bayan shekara uku barin gona ne ana gab da girbi.

Dole a kwatanta ta da mai lantarki zalla, tunda nan ne masana'antar ta zuba jarinta. Wanda yake da wurin caji a gida, kuma wutarsa tana da araha da tabbas, zai kashe ƙasa da haka a kowace kilomita da motar lantarki, kuma zai sami tafiya mai shiru da ƙarfin da Corolla ba ta kusa da shi. Amma farashin wannan ɓangare bai zauna ba tukuna. Ragin farashi da kamfanin motocin lantarki na Tesla ya yi ta yi a 2023 ya karya darajar na hannu, har kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da kusan 20,000 daga cikin motocinsa na lantarki. Manufofin gwamnatoci ma suna juyawa: Jamus ta yanke tallafin saye kwatsam a ƙarshen 2023, Amurka ta kawo ƙarshen rangwamen harajin dala 7,500 a Satumban 2025. A gefe guda kuma China, wadda ta zarce Japan a fitar da motoci a 2023, tana turo motocin BYD da makamantansu da farashin da ya tilasta wa Tarayyar Turai da Amurka ɗora musu haraji a 2024. A inda aka bar su suka shiga, suna ba da kayan alatu fiye da Corolla a kan kuɗi ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ba a raina su. Abin da ba su tara ba tukuna shi ne dogon tarihi a hannun mai na biyu da na uku, da yalwar kayan gyara da makanikan da suka san su.

A cikin masu haɗa fetur da lantarki, Honda Civic ta fi ta ƙarfi da daɗin tuƙi da faɗin baya, amma yawanci ta fi tsada. Hyundai Elantra Hybrid tana gogayya da ita a shan mai, tana da faɗi, sai dai giyarta mai kuloci biyu ce, wadda ta fi ta Toyota yawan kayan da za su iya gajiya. Corolla ba ta fi su a kowane fanni ba, ta fi su ne a sauƙin hasashen abin da za ta ci nan da shekara goma, da sauƙin samun mai saye ranar da aka gaji da ita. Wannan fifiko yana da iyaka: idan dillali ya ɗora ƙari a kan farashin kamfani saboda ana rububinta, ko aka hau zuwa mafi tsadar daraja mai kujerun fata da manyan ƙafafu, to an shiga kuɗin motocin da suka fi ta girma da natsuwa, kuma hujjar sayenta ta raunana. Ta ƙasa ko ta tsakiya, daga samfurin 2023 zuwa sama, mai but ko mai dogon baya, ita ce zan nuna wa mai tambaya.

Saura batun jira. Wannan zubi ya haura shekara bakwai a kasuwa, kuma Toyota ta nuna samfurin gwaji na Corolla mai zuwa a bajekolin motoci na Tokyo a Oktoban 2025, da siffar da ta sha bamban da ta yanzu. Wanda motarsa take da sauran ƙarfi zai iya dakatawa ya gani, ko don ragin da akan yi wa tsohon zubi idan sabo ya iso. Wanda yake buƙata yanzu kuwa ba shi da dalilin jinkiri, domin shekarun ƙarshe na kowane zubi su ne waɗanda aka riga aka gano matsalolinsu aka gyara, sabon zubi kuma bisa al'adar kasuwar nan ba ya zuwa da farashin da ya gaza na wanda ya gada.